Sajen da Ta Rufe Gidan Burodin Kawu

Mahaifin Auta direban motar burodi ne. Tun kafin a haife ta yake jan wata tsohuwar mota mai rufaffen baya, yana bi shago-shago yana sauke burodi daga wani gidan burodi da ke bayan tashar mota. Mai gidan burodin ba ɗan'uwansu ba ne na jini, amma sai da Auta ta yi wayo sosai kafin ta san haka. Kawu take ce masa, matarsa kuma Gwaggo. A tsakar gidan burodin ta koyi tafiya, tana dafa buhunan fulawa, kuma a nan ta fara cin duka, ranar da ta dangwala yatsa a cikin kwaɓin da aka bari ya tashi.

Tana sakandare mahaifinta ya rasu. Kawu bai yi dogon jawabi ba. Bayan an watse daga zaman makoki ya ce da mahaifiyarta, "Yaran nan nawa ne. Kada in ji an cire ko ɗaya daga makaranta." Haka kuwa aka yi. In an taso daga makaranta Auta takan wuce gidan burodin ta zauna sa burodi a leda, ita da ɗan Kawu na fari, wani yaro mai bakin tsiya da aka laƙaba wa Lauya saboda ba a taɓa kama shi da laifi ya rasa hujja ba. Ta girme shi, don haka yake ce mata Yaya Auta, sunan da duk wanda ya ji sai ya yi dariya.

Da ta ce aikin ɗan sanda take so, mahaifiyarta ta ɗora hannu a ka. Kawu ne ya raba gardamar.

"Ki bar ta," in ji shi. "Yarinyar da tun tana firamare take yi wa ma'aikatana tsawa, ai gara a ba ta usur ta je titi ta yi wa direbobi."

Akwai matsala guda: Auta gajera ce, kuma ana auna tsawo. Kawu ya sa Gwaggo ta yi mata kitso mai tudu a tsakar ka, ya ɗauke ta a babur ya kai ta wurin tantancewa, ya tsaya cikin rana a bakin ƙofa har aka gama. Da ta fito tana tsalle ya ce, "To, kitson ne aka ɗauka aiki, ke rakiya kika yi."

Ta fara da ba da hannu a mararraba, rana ta gasa ta har ta koma kamar ba ita ba. Daga baya aka mayar da ita ofis, teburin da ake kawo rigimar gida: mijin da ya kori mata da tsohon ciki, yaron da ya ɓata a kasuwa, maƙwabtan da suka yi dambe a kan magudanar ruwa. Ta iya wannan aikin. Tana da haƙurin sauraro, kuma in ta ɗaure fuska, ƙato yakan nemi wurin zama. Ba waliyiya ba ce. In direba ya rage mata hanya ba ta ƙi, in mai shago ya ce ta bar kuɗin sabulu ba ta cika yin musu ba. Amma ba a taɓa cewa ta kulle wani don an ba ta wani abu ba. A hankali ta zama Kofur, ta zama Saje, sunan ya bi ta har gida.

Ta auri wani mai gyaran wutar lantarki, mutum mai barkwanci, wanda in ta dawo aiki yakan ƙame ya sara mata da cokali a hannu. Suka haifi yara uku a ɗaki biyu na bariki. Da ƙafafun mahaifiyarta suka fara ciwo, ta ɗauko ta ta dawo wurinsu. Gidan na hukuma ne, kuma kowa a bariki ya san yadda ake yi: in an yi fushi da kai a sama, da safe za a ce an canza maka wurin aiki, kafin yamma kayanka na waje.

Abin da ba a koya musu a makarantar horo ba, a ofis ta koye shi. Duk shugaban ofis da aka kawo yana da waya biyu. Ɗaya in ta yi ƙara yakan ɗauka yana kishingiɗe. Ɗayar kuwa in ta yi ƙara sai ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya yi wa na cikin ɗakin alama da hannu su fita. Bayan irin wannan wayar ne ake sakin wanda aka kama jiya da wuƙa a hannu, ko a kamo wanda ba wanda ya kawo ƙararsa. In ka tambaya a ce maka daga sama ne. Saje ba ta cika tambaya ba. Teburinta na rigimar gida ne, tana ganin abin bai shafe ta ba.

Sai shekarar zaɓe ta zo. Kawu ba shi da jam'iyya. Da mutanen Ɗan Majalisa mai ci suka zo suna so a liƙa hotonsa a jikin motocin burodi, ya ce musu a'a, masu cin burodinsa ba ra'ayinsu ɗaya ba. Amma Lauya, wanda ya girma ya zama saurayi mai zafin kai, ya shiga adawa tsundum. Da yamma in an kashe tanderu yakan tara abokansa a tsakar gidan burodin su yi taro. Kawu yakan yi faɗa, amma kuma ya aika musu da burodin da ya rage, don shi bai iya ganin mutum zaune a gidansa baki bushe ba.

Wata safiya aka ce Yallaɓai, shugaban ofis, yana kiran Saje. Ta shiga ta sara. A kujerar baƙi ta ga wani mutum ya miƙe ƙafafu yana wasa da sandar Yallaɓai kamar tasa. Ta san shi. Surukin Ɗan Majalisa ne, yana da gidan kiwon kaji a bayan gari, kowa Mai Kaji yake ce masa.

"Saje," in ji Yallaɓai, "an kawo mana rahoto cewa ana ɓoye makamai a cikin buhunan fulawa a gidan burodin bayan tasha."

Dariya ta kuɓuce mata. Da ta ga ita kaɗai ke yi, sai ta haɗiye.

"Yallaɓai, mutumin nan ko kaza ba ya iya yankawa."

"Na ji an ce kawunki ne. Shi ya sa na kira ki. In na tura yara da mota, ma'aikatansa za su tare ƙofa, kin san kuma yaranmu, hannunsu ba ya nisa da kunamar bindiga. Jini zai zuba. Amma in ke ya gani zai biyo ki salin-alin. Tambayoyi ne kawai, kafin azahar ya koma gidansa. Taimakonsa za ki yi."

"Takardar kotu fa, Yallaɓai?"

"Tana hanya."

Mai Kaji ya dube ta ya yi murmushi. "Ashe ke ce ake cewa an kusa ƙara wa girma," ya ce.

Da ta fito za ta hau mota, sai idonta ya faɗa kan wani abu a ƙarƙashin bencin baya: sarƙa mai kauri da kwaɗo sabo fil, ko ledarsa ba a cire ba. Ta daɗe a aikin nan, ta san ba a sayen sabon kwaɗo don tambayoyi. Ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakin mota. Ta tuna mahaifiyarta da ko banɗaki sai an riƙe ta, ta tuna babbar 'yarta da ke shirin jarrabawar fita, ta tuna maganar jini. Ta ce a ranta wataƙila na wani aikin ne. Ta hau.

Abin da Yallaɓai ya faɗa gaskiya ne ta wani gefen. Motar na tsayawa ma'aikatan suka fito suka cika ƙofa, wasu riƙe da dogayen sandunan da ake zaro burodi daga tanderu. Lauya ba ya nan. Kawu ya fito daga ciki, hannunsa fari fat da fulawa, yana tambayar lafiya. Da ya hango ta sai fuskarsa ta saki.

"Kai, ku matsa, ku ajiye sandunan nan. Ba ku ga Auta ce ba?"

Ta durƙusa ta gaishe shi da kakinta, kamar yadda ta saba.

"Kawu, Yallaɓai ne ke son ganinka. 'Yan tambayoyi ne. Kafin azahar ka dawo."

Ya dubi motar, ya dubi masu bindiga, ya dawo da idonsa kanta.

"Ke kika ce?"

"Ni na ce, Kawu."

"To shi ke nan." Ya juya wurin ma'aikatan. "Kwaɓi na biyu ya kusa tashi, kada ku bari ya wuce. Yanzu zan dawo." Ya wanke hannu a bakin famfo, ko maganinsa na sukari bai ɗauka ba, ya shiga ƙaramar motar da ta biyo su.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba Sufeton da ke jagorantar aikin ya daka tsawa. Aka kora ma'aikatan waje, kuma da yake maigidan da kansa ya ce su ajiye sanduna, ba wanda ya ɗaga hannu. Aka bi buhunan fulawa ɗaya bayan ɗaya ana farkewa da wuƙa. Gari ya tashi ya cika ɗakin, ya sauka a kan huluna da takalma. Ko allura ba a samu ba. Kwaɓin yana jere a cikin gwangwanaye yana ta kumbura, wuta na ci a tanderu. Aka watsa wa wutar ruwa, aka ja ƙofar ƙarfe, aka zagaya sarƙa. Sufeto ya miƙo wa Saje kwaɗon.

"Yallaɓai ya ce ke za ki danna. Mace ce ta rufe, ba wanda zai ce an yi amfani da ƙarfi."

Wani daga cikin mutanen Mai Kaji ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Gwaggo ta fito daga gidansu da ke jikin gidan burodin, ko mayafi babu, ta tsaya tana kallo. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Saje ta danna kwaɗon. Ƙarar ba ta da yawa, amma ita ji ta yi kamar duk unguwar ta ji.

Da suka koma ofis ba ta tarar da Kawu ba. An wuce da shi babban ofis a wani gari. Ta je ƙofar Yallaɓai, aka ce yana waya.

Kwaɓin da aka kulle ya tashi ya zube, ya yi tsami, ya ruɓe. Kwana da kwanaki warin yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa har bakin tasha, masu wucewa suna toshe hanci. Saje ta canza hanyar zuwa aiki. A gida mijinta ya daina sara mata. Yakan ce, "Ba laifinki ba ne, umarni aka ba ki," amma yana faɗa yana kallon wani wuri. Mahaifiyarta kuwa barin gidan ta yi. Ta ɗaure kayanta a zani, ta sa aka kira mata mai mota, ta koma wurin Gwaggo da ƙafafunta masu ciwo, wai za ta taya ta zama. Ranar ce Saje ta shiga banɗaki ta buɗe famfo ta yi kuka.

Sau ɗaya ta yi abinci ta zuba a kwano, ta nemi maganin sukari, ta hau mota zuwa garin da ake tsare da shi. Ta kai har bakin ƙofar babban ofis. Da ta tuna zai ɗago ya dube ta, sai ƙafarta ta ƙi shiga. Ta ba wani kurtu saƙon ta ce ya kai, ba ta faɗi sunanta ba, kuma har yau ba ta san ko ya kai ba.

Sai da aka gama zaɓe, Ɗan Majalisa ya koma kujerarsa, sannan aka saki Kawu. Ba a kai shi kotu ba, ba a ce ya yi laifi ba, ba a kuma ce a yi haƙuri ba. A watan ne sunan Saje ya fito cikin waɗanda aka ƙara wa girma. Ta zama Sufeto, ko da yake bakin mutane ya riga ya saba, Saje aka ci gaba da ce mata. Abokan aiki suka ce sai ta yi musu walima. Ta ce ba ta jin daɗi.

Ta daɗe tana ja da baya kafin ta je gaishe shi. Ta sa kayan gida, ta tafi da yamma. Ta same shi a baranda a kan kujera, ƙafarsa ɗaya a kumbure an ɗora ta a kan matashi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. An buɗe gidan burodin, amma tanderun ya tsage tun ranar da aka watsa masa ruwa yana da zafi, ma'aikata sun watse neman abinci, masu shaguna sun koma saye a wani wuri. Ta durƙusa. Duk maganar da ta shirya a hanya ta gudu.

"Auta ce? Matso mana. Na ji an ƙara miki girma. Allah ya sanya alheri."

"Kawu..."

"Ke dai azahar ɗinku ta 'yan sanda tana da nisa," ya ce, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da zaginta ya yi, da ta samu abin riƙewa. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi maigidanta, ya ce a kawo mata ruwa. Gwaggo ta kawo ruwan ta ajiye ba ta dube ta ba. Lauya ya shigo, ya gan ta, ya juya ya fita. Bayan nan ta riƙa zuwa jefi-jefi, kullum da niyyar yau za ta faɗa masa ta ga kwaɗon tun kafin ta hau mota, kullum kuma sai ya ja ta da hirar duniya har lokacin tafiya ya yi. Ba ta sani ba ko bai gane ba ne, ko kuwa ya gane ne yake rufa mata asiri. Ciwon ƙafar ya ci gaba, aka yanke yatsu, daga baya aka yanke ƙafar. Bai kai zaɓe na gaba ba.

A zaɓen na gaba gwamnati ta faɗi. Cikin 'yan makonni aka ɗauke Yallaɓai aka kawo wani. Aka sauke hoton mai mulki da ke bangon ofis aka rataya sabo. Mutanen da a da ake kora daga bakin ofis su ne yanzu ake buɗe wa ƙofa, kuma Lauya, wanda ya zama na hannun daman sabon Ɗan Majalisa, yana shiga ofishin sabon Yallaɓai ba sallama.

Wata ranar hutu da hantsi sai ga shi a gidanta na bariki. Rabon da ya yi mata magana tun kafin a kama mahaifinsa. Ya zauna a falo, ya ƙi shan ruwa.

"Yaya Auta," ya ce. Jin sunan kawai ya sa idonta ya kawo ruwa. "Gobe za a ba da umarnin rufe gidan kajin mutumin nan. An ce kajinsa na da cuta."

"Suna da ita?"

"Buhunan Baba suna da bindiga?" Ya gyara zama. "Ni na roƙa a ba ki aikin. Kin san shi ya kai sunan Baba. Kin gan shi da idonki a ofis, an gaya mini. Ki je ki sa masa sarƙa, kajin su kwana uku ba ruwa ba abinci, ya ji abin da muka ji. Dama ce na kawo miki, Yaya. In kin yi wannan, ni da kaina zan kama hannunki in kai ki gaban Inna in ce ta yafe miki."

Bayan ya tafi ta daɗe zaune. Gaskiyar magana, ranta ya so. Ta tsani Mai Kaji, ta tsani murmushin nan nasa, kuma ba abin da take nema a duniya kamar Gwaggo ta sake kallonta ta ce Auta. Mijinta da ya ji komai daga ɗaki ya fito ya zauna kusa da ita. Bai ba ta shawara ba. Ya ce dai, "Ɗakuna biyun da muke ginawa an yi rufi. Ko ba ƙofa za mu iya shiga."

Washegari sabon Yallaɓai ya kira ta. Lauya na zaune a kujerar baƙi. Aka karanta mata aikin.

"Takardar kotu fa, Yallaɓai? Ko ta likitan dabbobi?"

"Tana hanya."

"To zan jira ta iso, Yallaɓai."

Ya ɗago ya dube ta kamar bai ji daidai ba. "Umarni nake ba ki, Sufeto."

"Na ji, Yallaɓai. Ina nan a benci. Tana isowa zan tafi."

Ta sara ta fita, ta zauna a bencin da masu kawo ƙara ke zama. Can sai ga Lauya ya fito. Ya tsaya a kanta, ya yi maganar a hankali yadda ba wanda zai ji sai ita.

"Ranar ubana ba ki jira takarda ba."

Ya tafi ya bar ta tana kallon siminti.

Ƙin da ta yi bai hana komai ba. Bayan 'yan kwanaki aka tura wani matashin Kofur, wanda ita ta koya masa aiki da hannunta, ya je ya sa sarƙar. Sai dai kafin nan magana ta fita, Mai Kaji ya kwashe yawancin kajinsa ya kai wani wuri. Ita kuma aka canza mata wurin aiki zuwa wani ƙaramin ofis a ƙarshen hanya, inda babbar ƙara ita ce akuya ta shiga gonar wani. Aka ba su wa'adi su bar gidan bariki. Suka koma ɗakuna biyun, suka rataya labule a madadin ƙofa.

Wasu a ofis suka riƙa yaba mata a ɓoye, suna cewa ta yi jarumta. Ita ta san lissafin da ba su sani ba. A wannan karon mahaifiyarta ta riga ta rasu, babbar 'yarta ta yi aure, na biyun yana aiki, ga rufin kansu, ga ritaya ta kusa. Lokacin da ƙin yake da tsada, ba ta ƙi ba. Sai da ya yi araha ta iya, kuma wanda ya ci moriyarsa shi ne mutumin da ya jawo komai.

Bayan ta yi ritaya, wata rana da la'asar mota ta tsaya a ƙofar gidansu. Mai Kaji ne. Ya tsufa, tumbin ya zube, tun da surukinsa ya faɗi zaɓe ba mai gaishe shi. Ya shigo da kiret ɗin ƙwai a hannu, ya zauna a gaban mijinta da autansu ya shiga zuba godiya. Ya ce ba don ita ba da ya tsiyace. Ya ce shi bai taɓa ganin mai gaskiya irinta ba. Bai ambaci gidan burodi ba ko sau ɗaya, kamar ma ya manta an yi.

"Wallahi Hajiya Saje," ya ce, "da duk 'yan sanda irinki ne, da ƙasa ta gyaru."

"Irina ne duka," ta ce.

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take yi. Da ya tafi mijinta ya tambaye ta yadda za a yi da ƙwan. Ta ce a raba wa maƙwabta, kada a bar ko ɗaya a gidan.

Yanzu tana zaune a gidanta, ta buɗe ɗan teburin sayar da kayan masarufi a ƙofa. Matan unguwa suna kawo mata rigimarsu ta sasanta, don har yanzu in ta ɗaure fuska ana nutsuwa. Wasu suna cewa ita ce ta rufe gidan burodi, wasu suna cewa ita ce ta ƙi rufe gidan kaji, kowa da abin da yake tuna ta da shi. In ana gardamar siyasa a rediyo, ana cewa a raba 'yan sanda da masu mulki, mijinta yakan ƙara murya, ita kuma ta tashi ta shiga kicin. Lauya yakan wuce ta titinsu a mota mai baƙin gilashi, bai taɓa tsayawa ba. An sayar da gidan burodin, wanda ya saya ya mayar da shi wurin ajiye taya.

Gwaggo tana nan da rai, ta tsufa ƙwarai, ba ta cika fita ba. Duk ƙarshen wata Auta takan sa mayafi ta hau mota ta je. Ba a hana ta shiga, ba a kuma ce mata ta shigo ɗaki. Takan tuɓe takalmi a baranda, ta durƙusa a bakin labule ta ce, "Gwaggo, ina wuni. Auta ce." Wani lokaci a amsa mata da lafiya, wani lokaci ta ji motsin tsohuwar a ciki amma shiru. Takan ɗan zauna, ta share barandar in ta ga ƙura, sannan ta sa takalminta ta kama hanyar tasha.